Kaskar Raƙumi da Gwiwar Baba Illa

Kwana uku bayan saukata Madina na gane cewa an cuce ni. Ina zaune a wani ɗaki a unguwar Aƙiƙ, inda mutum tara 'yan ƙasarmu da na Nijar suke kwana bisa katifu biyar, sai wani tela mutumin Maraɗi ya karɓi takardar aikina ya duba, sannan ya ɗago kai ya dube ni.

"Kai ne aka ce ka yi jami'a?"

"Ni ne."

"Me ka karanta?"

"Ilimin ƙananan halittu, wato ƙwayoyin da ido ba ya gani."

"To, a nan dai waɗanda ido ke hangowa tun daga nesa aka rubuta maka. Makiyayin raƙuma."

Ɗakin ya kaure da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, kowannensu an taɓa yi masa irinta. Dillalin da ya shirya mini tafiya ya rantse mini cewa ɗakin gwajin jini na wani asibiti zan yi aiki. Na buga lambarsa sau goma sha ɗaya a ranar, ba ta shiga ba. Telan ya zuba mini shayi, ya tura mini gurasa, ya ce in ci, domin baƙin ciki ba ya hana yunwa.

Kafilina, wato mutumin da izinin zamana yake hannunsa, wani dattijo ne mai suna Alhaji Bakur. Ɗan ƙasar Saudiyya ne, amma kakansa da ƙafa ya taso daga wajejen Haɗeja don aikin hajji, ya zauna bai koma ba. Alhaji Bakur yana jin Hausa irin ta mutanen da, mai daɗin saurare, ko da yake Larabci ya ratsa ta ko'ina. Sai dai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, al'amuran gidan duka suna hannun babban ɗansa Majid, mai kimanin shekara talatin da biyar. Ranar da Majid ya zo ɗaukata na russuna na ce masa, "Barka da war haka, ranka ya daɗe." Ya dube ni sama-sama ya ce da Larabci, "Hala, hala. Yalla." Daga ranar har wata goma sha ɗaya ban ji kalmar Hausa ko ɗaya daga bakinsa ba. Ni kuwa mutum ne mai kishin harshe tun ina makaranta, har abokai suna yi mini tsiya da cewa ko zagi zan yi sai na gyara masa nahawu. Saboda haka na yanke wa Majid hukunci a raina tun a cikin mota: wannan ya zubar da harshen kakanninsa, ba abin da ya rage masa sai launin fata. Na ji tausayinsa, kuma na raina shi kaɗan.

Gonar tana kan hanyar Badar, nesa da kwalta, tsakanin baƙaƙen duwatsu da ba ciyawa a kansu. Akwai dabinai, da rijiyar burtsatse, da garken raƙuma ashirin da ɗoriya, da ɗaki guda na bulo mai rufin kwano. A bakin ɗakin na tarar da wani tsoho ɗan firit, baƙi, mai ƙwarin ƙafa, yana tufka igiya. Shi ne Baba Illa, mutumin ƙasar Adar ta wajen Tawa, shekararsa goma sha tara a gonar. Ya dubi takalmina sau-ciki mai sheƙi, ya dubi jakata, ya girgiza kai.

"Wanga ɗan boko aka kawo min? Allah Sarki. Tuɓe su, ɗana, ƙasar nan ba ta san girman takalmi ba."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko mini nasa na roba, shi kuma ya yi mako biyu yana yawo da wani silifa mai ɗaurin waya, har Majid ya kawo wani.

Ba zan tsawaita kan watannin farko ba. Zafin wurin ya wuce abin da na sani a gida, kuma shirun ya fi zafin tsanani. Na yi kuka sau da yawa a bayan garke. Abin da ya riƙe ni shi ne tsohon nan. Yana da ƙullin kuka da daddawa da yake ɓoyo a cikin gwangwani, ba ya taɓa shi sai ranar Juma'a, kuma tun da na zo ya riƙa raba shi biyu. Ya koya mini durƙusar da amale, da tatsar taguwa, da ɗaura akala. Ni kuma ina rubuta kalmominsa na Adaranci a wani ɗan littafi, yana yi mini dariya wai na mai da bakinsa makaranta.

Wata rana na tambaye shi me ya hana shi komawa gida. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa mata biyu suna ɗakunan mazajensu, ba wanda yake jiran aikensa. Sai ya nuna gabas da haɓarsa, wajen da Madina take.

"Baƙi'a nika jira."

Baƙi'a ita ce makabartar da ke jikin Masallacin Annabi, inda iyalansa da sahabbansa suke kwance, kuma wanda ajali ya riske shi a Madina yana sa ran a kai shi can. Baba Illa ba shi da wani buri a duniya sai wannan. Saboda shi yake jure rana da ƙishi, saboda shi kuma kowace shekara yake zuba ido a sabunta masa iƙama, wato katin izinin zama. Idan kafili ya ga dama ya sabunta, idan ya ƙi sai huruj, wato takardar fita ba dawowa. A nan ne ya ba ni dokar da ya ce duk ma'aikacin daji ya san ta.

"Ka saurara, ɗan boko. A nan ba a ciwo, gajiya aka yi. Kowa ya tambaye ka, ka ce gajiya ta. Mai gida shina haƙuri da gajiya, don ya san tana wucewa. Amma ciwon da ya samu suna da lissahin kwanaki, shi ka ɗaukar mutum ya kai shi hilin jirgi."

Na ce na ji. Na ma rubuta a littafina, domin zancen ya yi mini kyau.

Kowace Alhamis da hantsi muna cire wa raƙuma kaska. Kaskar raƙumi ba irin ta shanunmu ba ce mai laɓewa a ciyawa tana jira. Babba ce, ƙafafunta masu zobe-zobe, kuma idan ta ji motsin mai jini sai ta biyo shi da gudu a kan yashi. Muna tsince su a ƙarƙashin wutsiya da hammata da gefen hantsa, mu jefa cikin gwangwanin kananzir. Wannan kaɗai ne aikin da na fi Baba Illa saninsa a takarda, domin a kan kaskar shanun kara na yi binciken kammala digirina. Da na ga yadda yake yi idan ta kama shi a jiki, wato ya gasa ƙusa a wuta ya ɗana mata har ta saki, sai na ce masa hakan kuskure ne. Na ce idan aka ƙona ta ko aka matse cikinta tana iya amayar da abin da ke cikinta a ramin da ta huda, abin da ya dace shi ne a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a hankali.

"Shekara arba'in ina hidda kaska," in ji shi, "kai ko hotonta ka gani a littahi. Ka bar ni da ƙusata."

A farkon bazara wata ta kama shi a bayan gwiwar hagu, wurin da ido ba ya kaiwa. Bai lura ba sai da ta ƙoshi ta yi bul kamar ɗan wake. Ya gasa ƙusarsa ya cire ta. Bayan kamar kwana goma wurin ya yi ja ya faɗaɗa, zazzaɓi ya rufe shi, da ciwon kai da tsamin jiki. Na roƙe shi mu gaya wa Majid a kai shi asibiti. Ya ce gajiya ce. Ya sha maganin zazzaɓi na kanti, ya ɗaura rawani ya fita kiwo. Cikin mako guda zazzaɓin ya sauka, jan ya dushe, ni ma na saki jiki, alhali na san cewa saukar zazzaɓi ba ita ce tafiyar cuta ba. Wannan shi ne laifina na farko, kuma ƙarami ne idan aka gwada shi da na biyu.

Bayan wata uku gwiwar ta tashi. Da farko taurin safiya ne, sai ya ɗan taka ta sake. Daga baya ta kumbura ta yi kamar ƙaramin duma, tana sheƙi, da zafi idan an taɓa. Takan yi kwana biyar ta saɓe, mu ce alhamdu lillahi, sai ta dawo fiye da da. Ya koma yin salla a zaune. Wani Balaraben ƙauye maƙwabcinmu ya yi masa lalas da ƙarfe a wuri uku, bai ƙara masa komai ba sai gyambo. Na ɗauke masa duk aikin tafiya. Ranar Asabar, da yake ita ce ranar zuwan Majid, Baba Illa yakan zauna a kan buhun dusa ya baza igiya a cinyarsa yana tufka, yadda ba za a ga ƙafar ba. Haka muka yi ta yi har ranar da wata taguwa ta fizge akala a gaban Majid, tsohon ya zabura don ya tare ta kamar yadda ya saba, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya kife a ƙasa. Majid ya ɗage masa wando ya ga gwiwar. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Yalla, mustashfa," wato mu tafi asibiti, ya buɗe mota.

Asibitin wani ƙarami ne a cikin gari. Majid ya sauke mu ya tafi sabgoginsa. Likitan dattijo ne mutumin Sudan, mai sanyin murya. Ya zuƙe ruwa daga gwiwar da sirinji, rawaya mai gurɓi, ya ɗebi jini. Ya ce abin da ya fara zargi shi ne zazzaɓin da ake samu daga ɗanyen nonon dabbobi, domin shi ya fi yawa ga makiyaya. Na gaya masa labarin kaskar da jan da ya biyo baya. Ya cire tabarau ya dube ni da kyau, ya tambaye ni abin da na karanta.

Bayan mako guda muka koma karɓar sakamako. Ba cutar nono ba ce. Likitan ya ce jinin ya nuna cewa jikin ya yi arangama da ƙwayar bakteriya daga cikin waɗanda kaska ke ɗauka. Ya ce irin wannan kumburin an fi saninsa a ƙasashen sanyi masu dazuzzuka, don haka ba zai rantse a kan ainihin sunan ƙwayar ba, amma magani ɗaya ne. Sannan ya ja kujera ya zauna kusa da ni, ya shiga yi mini bayani da Turanci kamar yana magana da abokin aiki, yana zana gaɓa a bayan takarda. Wata goma sha ɗaya ba wanda ya yi mini magana a matsayin mai ilimi. Na ji kaina ya yi girma, kamar wanda ya sha abin da ya fi ƙarfinsa. Da zai sallame mu ya rubuta takardar da za a ba kafili, ya miƙa mini yana cewa da Larabci, a hankali don in fahimta:

"Na rubuta hutun mako uku da magani. Abin da ya zama dole ke nan, kuma gaskiya ne. Sauran bayanin tsakaninka da babanka ne. Ka gane?"

Na ce na gane.

Azahar ta gota lokacin da muka kama hanyar Badar. Majid yana tuƙi, da 'yar na'urar saurare a kunnensa kamar kullum. Ya karanta takardar ya ce "Tayyib," ya jefa ta a gaban mota. Mu biyu muna baya, Baba Illa ya miƙe ƙafar a kan cinyata. Fuskarsa ta washe, rabon da in ga haka tun kafin bazara.

"Ashe mako ukku na kawai," in ji shi. "In kumburin ya saɓe kahin nan sai in bar shan ƙwayar, in aje saura don wata rana."

Wannan magana ce ta tayar mini da hankali. Na ce masa ko kusa, dole ya shanye maganin har ƙwaya ta ƙarshe. Na ƙara da cewa ko ya shanye, kada ya karaya idan ya ga gwiwar ba ta saɓe ba. Ya ce, "To, mi amfanin maganin?" Sai na gyara zama. Na daɗe ina juya waɗannan abubuwa a raina a wajen kiwo, ina nema musu kalmomin Hausa da suka dace, ga shi yau an tambaye ni.

"Baba, kaska ba cizo kawai take yi ba. A cikin yawunta akwai abin da ke kashe zafi don kada ka ji ta, da abin da ke hana jini daskarewa, da abin da ke sa masu gadin jiki gyangyaɗi. Tana nan manne kwana da kwanaki, ƙwayar cuta tana bin yawun tana shiga. Allah Ya sanya wa jiki garkuwa, wato fararen ƙwayoyin jini, su ne dakarunsa. Da suka farga da baƙo sai suka yi gangami, suka aika saƙo ta cikin jini cewa a kawo ɗauki. Gangamin nan shi ne jan da ka gani, shi ne kuma zazzaɓin. Sun kashe da yawa, amma wasu suka sulale suka bi jini, suka sami mafaka a cikin gwiwa."

"Mi ya kai su gwiwa?"

"Wuri ne mai lungu, dakaru ba sa saurin kaiwa. A cikin gaɓa akwai wani tantani da ke fitar da ruwa mai santsi don ƙashi kada ya goga ƙashi. Da dakarun suka gano maɓoyar sai suka yi dafifi a tantanin nan. Hanyoyin jini suka buɗe, ruwa ya kwararo, tantanin ya yi kauri. Kumburin ke nan. Ka ga ashe ba ƙwayar ce ke kumbura ka kai tsaye ba, yaƙin da jikinka ke yi da ita ne. Makaman da suke harbawa kuwa ba su san na gida ba, suna cin guringuntsin da ke kan ƙashi kamar yadda suke cin abokan gaba."

Na ji hannunsa ya matse mini gwiwa. Na ɗauka raɗaɗi ne saboda gargadar hanya, na gyara masa ƙafar na ci gaba.

"Maganin zai kashe ƙwayoyin, in Allah Ya yarda. Amma ka ɗauka ɓarayi ne aka kashe a cikin ɗaki, hulunansu da takalmansu suka rage a warwatse. 'Yan banga kuwa duk lokacin da suka ga hula sai su kai sara, bango ne ke shan saran. Haka ɓurɓushin ƙwayar ke zama a gaɓa, dakarun jiki su yi ta faɗa da abin da ya riga ya mutu."

"Ya isa, ɗan boko," in ji shi a hankali. "Na gane."

Ban tsaya ba. Saura jimla ɗaya bayanin ya cika, ni kuwa ba na son barin zance a gutsure.

"Shi ya sa likita ya ce kumburin yana iya kai wata shida, wani ma har shekara, kuma idan guringuntsi ya ciwu da yawa ƙafar ba lalle ta koma daidai ba."

Na ga Majid ya sa hannu ya cire na'urar daga kunnensa. Ya daidaita madubi har idanunmu suka haɗu. Sannan ya buɗe baki, da Hausa tsantsa, da karin harshen Haɗeja irin na mahaifinsa, ya ce:

"Wata nawa ka ce?"

Ban san abin da na amsa ba. Abin da nake tunawa shi ne Baba Illa ya janye ƙafarsa daga cinyata, ya juya fuskarsa wajen taga, yana kallon duwatsu har muka isa.

Iƙamarsa saura wata biyu ta ƙare. Asabar ta gaba na tare Majid a bakin rijiya, na roƙe shi da Hausa, tunda yanzu ba sauran ɓoye-ɓoye. Na ce zan yi aikin mutum biyu. Ya amsa mini da Larabci, yana jefa Hausa nan da can.

"Ai kana yi tun wata uku, ka ɗauka ban gani ba? Na ga buhun, na ga igiyar. Na ce tsufa ne da gajiya, na kau da kai. Yanzu kuwa na sani, kuma da kunnena na ji. Mutumin da ba ya iya tafiya, a daji, nesa da asibiti, shekara guda? In wani abu ya same shi a wuyan wa yake? Wallahi ina jin nauyinsa, shi ya ɗora ni a kan raƙumi ina yaro. Amma ba ni kaɗai ke da gonar nan ba, akwai 'yan'uwana. Halas."

Na nemi izini na je gidansu a Aƙiƙ wajen Alhaji Bakur. Na same shi a kwance, rabin fuskarsa a karkace. Ya saurare ni har na gama, hawaye yana bin gefen idonsa mai lafiya. Da ƙyar ya haɗa kalmomin: "Yaro, akala ta bar hannuna." Aka kawo mini dabino da gahawa, aka raka ni ƙofa.

Kwana biyu Baba Illa bai yi mini magana ba, sai sallama da amsa ta. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. A rana ta uku na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Mi zan yahe? Ƙarya ka yi?"

"A'a, Baba."

"To. Ni dai na matse ka, na ce ya isa. Kai kana ganin wanda bai magana da harshe ya rasa shi. Wanda ya sha Hausa a nono, ko ya ɗinke bakinai kunnenai a buɗe yake. Yaron nan da ita kakarsa ta yi mai rawa a cinya." Sannan ya ce, "Tashi, raƙuma ba su sha ruwa ba."

Ya shanye maganin har ƙwaya ta ƙarshe. Gwiwar ba ta saɓe ba. Takardar huruj ta fito.

Ana gobe zai tafi Majid ya kai mu Masallacin Annabi. Na aro keken guragu na tura shi cikin taron alhazai, ta gaban otal-otal da shagunan turare da tasbaha. Bayan sallar La'asar aka yi kiran sallar gawa, muka sallata, aka buɗe ƙofar Baƙi'a. Na tura shi muka hau gangaren. Ba gini a ciki, ba suna, sai ƙasa da ƙananan duwatsu jere-jere iyakar ganin ido, da tattabaru. Sai ga makara tafe a kafaɗun mutane, suna sauri, kowa yana kutsawa ya sa kafaɗa taki biyu ya ba wani. Kafin in ankara Baba Illa ya dafa hannun keken ya miƙe. Na ce, "Baba, ƙafarka!" Bai waiwayo ba. Ya ja ƙafar ya shiga cikin mutane, ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin makarar wani da bai san ko wane ne ba, ya yi taki uku, taron ya wuce ya bar shi a tsaye yana layi. Na tare shi na mayar da shi kan keke. Gumi ya jiƙe masa riga. Ya bi makarar da kallo har ta yi nisa.

"Wanga ya samu," in ji shi.

Washegari da hantsi na raka shi filin jirgi da jaka ɗaya da jarkar zamzam. Shekara goma sha tara, kayansa ke nan. Ya dafa kaina ya yi mini addu'a doguwa, wadda ban cancanta ba.

Ina nan a gonar har yau. An kawo wani mutumin Chadi a madadinsa, mutumin kirki ne, amma ba mu cika magana ba. Majid ya koma Larabcinsa, ni ma ban ƙara gaishe shi da Hausa ba. Shekarun Baba Illa sun wuce waɗanda wani kafili zai nema wa izinin aiki, wannan kowa ya sani, shi ma ya sani.

Bayan wata bakwai da tafiyarsa, ina tsakiyar ba raƙuma dusa, saƙon murya ya shigo wayata daga lambar jikarsa. Na ji kukan awaki a bayansa, da muryar mata suna daka.

"Ɗan boko, Illa na. Ina gajiya? To, gwiwa ta saɓe sarai, yadda ka hwaɗi. Karatunka gaskiya na, kar ka bari kowa ya raina ma shi. Jiya da ƙahwata na tahi makabartar garinmu, ba sanda, na duba wurin. Ƙasa ta ja, da tsakuwa, akwai ƙaya kaɗan. Ba laihi. In ka shiga gari ka biya Baƙi'a ka yi musu sallama. Ka ce Illa ya yi niyya."

Na shiga gari sau huɗu tun daga ranar. Kowane zuwa ina kaiwa bakin ƙofar Baƙi'a, in tsaya, in juyo.